Wace Majami'a Baƙo Zai Shiga?

A unguwar Southwark ta kudancin birnin London, wani bincike da Jami'ar Roehampton ta buga cikin shekarar 2013 ya ƙirga majami'u kimanin 240 waɗanda yawancin masu zuwansu baƙar fata ne, akasari 'yan Afirka ta Yamma. Wasu suna taruwa a tsofaffin gine-ginen ibada, wasu a ɗakunan ajiyar kaya, wasu kuwa a saman kantuna. Kiristan da ya sauka a irin wannan wuri daga Jos, ko Garwa, ko Kumasi, ya kan iske kansa cikin wani hali da bai saba da shi ba. A gida majami'ar da aka haife shi a ciki ita ce tasa, ba ya ko tambaya. A nan kuwa tilas ya zaɓa, kuma kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa za a ce masa Littafi Mai Tsarki ake bi.

Abin mamaki shi ne, Sabon Alkawari bai san wannan tambaya ba yadda ake yin ta a yau. A zamanin manzanni sunan gari ake kiran ikilisiya da shi: ta Urushalima, ta Afisa, ta Koranti. Da mutanen Koranti suka fara rarrabuwa, wasu suna jingina kansu ga Bulus, wasu ga Afolos, wasu ga Bitrus, sai Manzo Bulus ya rubuta musu wasiƙa ya tsauta musu ƙwarai. Saboda haka wanda ya buɗe littafin yana neman sunan ɗariƙar da zai bi ba zai samu ba. Abin da zai samu shi ne siffofin taron masu bi, kamar yadda sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ta ambaci abubuwa huɗu da Kiristocin farko suka lizimta, wato koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsura gurasa tare, da addu'a.

Tambayar ta tsananta ne a ƙarni na 16, sa'ad da Martin Luther da magoya bayansa suka rabu da Fafaroma. Cikin takardar shaidar bangaskiya da aka gabatar a Augsburg a 1530, Lutarawa sun kafa alamu biyu: a yi wa'azin bishara ba gauraye, a kuma gudanar da baftisma da Jibin Ubangiji bisa ƙa'ida. A 1561 Furotesta na ƙasashen Holan da Beljiyam suka ƙara ta uku, wato horon mai laifi a cikin ikilisiya. Har yau akwai fastocin Furotesta da ke ba wa mai neman majami'a waɗannan alamu uku.

Amma fa faɗin alama ya fi auna ta sauƙi. A watan Oktoba na 1529 an haɗa Luther da Ulrich Zwingli na Zurich a garin Marburg don su daidaita. Dukansu masana Littafi ne, dukansu kuma sun yarda cewa shi kaɗai ne ma'auni. Suka amince da juna a kan batutuwa 14 daga cikin 15, suka saɓa a kan ma'anar gurasar Jibin Ubangiji, aka tashi kowa da ikilisiyarsa. Shekara biyu kafin wannan, hukumar Zurich ta nutsar da Felix Manz a kogi saboda ya ƙi yarda da yi wa jarirai baftisma, shi ma daga Littafin ya kafa hujjarsa. 'Yan Katolika da Otodoks kan nuna irin wannan tarihi su ce ga abin da ke faruwa idan kowa ya zama alƙalin nassi. A ganinsu ikilisiya ce ta tattara littattafan tun farko, don haka sai a nemi wadda jerin bishof-bishof ɗinta ya tuƙe ga manzanni. Ko adadin littattafan ma ba ɗaya ba ne: 66 a hannun Furotesta, 73 a hannun Katolika.

To, idan manyan malamai sun kasa, me ya rage wa baƙo mai aikin dare wanda Lahadi ɗaya ke gare shi a mako? Abin da ya rage yana da yawa, domin akwai wuraren da Littafin ya yi magana a fili, ba ya bukatar dogon tafsiri, kuma yawancinsu sun shafi shugaba ne da kuɗi. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura ta 3, da wasiƙa zuwa ga Titus sun jera halayen mai kula da ikilisiya: kada ya zama mashayi, ko mafaɗaci, ko mai kwaɗayin kuɗi, ko sabon tuba, ya iya riƙon gidansa, ya iya koyarwa, ya kasance da kyakkyawar shaida har a wurin waɗanda ba Kirista ba. Mai karatu zai lura cewa ba a sa yin mu'ujiza ko zaƙin baki ko yawan mabiya cikin jerin ba, alhali kuwa su ne aka fi bugawa a allunan talla.

Akwai kuma wani ɗan labari da ba a cika wa'azi a kansa ba. Sa'ad da Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Sura ta 8 ta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ta nuna cewa ikilisiyoyi sun zaɓi mutum ya raka shi, don kada a sami abin zargi. Idan manzo da kansa ya nemi shaida a kan kuɗin jama'a, da wuya a ga dalilin da fasto zai ji haushi don an tambaye shi wa ke ƙirga baiko, wa ke sa hannu a takardar banki, wa kuma ke da ikon tsauta masa. A Ingila tambayar ba ta da wuyar amsawa, tun da majami'un da aka yi wa rajista a matsayin ƙungiyoyin agaji suna kai lissafinsu ga hukuma, kowa kuma yana iya dubawa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A watan Nuwamba na 1978 mutane fiye da 900 suka mutu a Jonestown ta ƙasar Guyana bisa umurnin Jim Jones, wanda ya fara da wa'azi a majami'a a Amurka. A 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan Paul Mackenzie da danginsu, waɗanda aka ce an umurce su da azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. A duka wuraren biyu an raba mutane da danginsu, an kai su nesa, babu kuma wanda ke sama da shugaba. Sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni ta yabi mutanen Biriya saboda kullum suna bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Majami'ar da ke ɗaukar tambaya a matsayin tawaye ta saɓa wa wannan misali, kome yawan ayoyin da ake jawowa a bagadinta.

Sauran abubuwan da ake gardama a kai, irin su kiɗa da ganga, da tufafi, da abinci, da fifita wata rana a kan wata, sura ta 14 ta Romawa ta bar yawancin irinsu ga lamirin mutum, ta hana yi wa juna hukunci.

Harshe kuwa yana da nasa matsayi. Bulus ya fifita 'yan kalmomi kaɗan da jama'a za su gane a kan dubbai da ba za su gane ba. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta, kuma da shi ne Kirista masu yawa na Arewacin Nijeriya da Nijar suka koyi addu'a, har da waɗanda Hausa ba harshen iyayensu ba ce. Irin waɗannan a ƙasashen waje sau da yawa sukan raba abin biyu: su riƙa zuwa majami'ar da ke kusa da gida kowace Lahadi, sa'an nan su taru jifa-jifa a ɗakin wani daga cikinsu, su yi waƙoƙi da karatu da Hausa.