Faɗuwar gaba ga samari da ƴammata

A ƙauyuka da yawa ana samun saurayi ko budurwa mai kukan faɗuwar gaba. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ko ta yi kamar ta tsallake bugu ɗaya. Wasu iyaye sukan ce maye ne, wasu su ce iska ce. Amma abin yana da dalilai da lokotoro ya sani.

Zuciyar matashi mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya.

Dalili na farko shi ne ƙarancin jini. In jini ya ragu, dole zuciya ta ƙara sauri don ta wadata jiki duka. Zazzaɓin sauro yana rage jini. Haka tsutsar ciki, da tsargiya wadda ake ɗauka wurin wanka a tabki. Budurwa kuma tana rasa jini kowane wata. Ana gane ƙarancin jini in cikin fatar ido da tafin hannu suka yi fari, ga gajiya da jiri. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna taimakon jini.

Na biyu, abin da ake sha. Shayi mai ƙarfi da samari ke dafawa a fada, kafe, goro da taba duk suna zuga zuciya. Ƙwayar tramol da wasu ke sha don ƙarfin noma ta fi su haɗari, har tana kawo farfaɗiya.

Na uku, zafin jiki da ƙishirwa. Yaron da ya wuni kiwo da bazara ba isasshen ruwa, zuciyarsa za ta yi gudu. Tsoro, damuwa da rashin barci su ma suna kawo haka.

Akwai kuma ciwon zuciya na ainihi. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yakan koma ciwon gaɓoɓi, daga baya ya ɓata ƙofofin zuciya.

In yaro ya suma, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ko ƙafafu sun kumbura, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi gidan likita ran nan. In faɗuwar gaban ce kaɗai amma tana dawowa, a je a auna jini. Tun ran gini, ran zane.