Darasin da ke Cikin Kumfar Sabulu

Idan aka lanƙwasa waya aka tsoma ta cikin ruwan sabulu, sai a ga wata siririyar yana ta shimfiɗu a tsakaninta. Ko ta yaya aka murɗa wayar, yanar takan ja kanta har ta tsaya a siffar da ta fi kowace ƙarancin faɗi. Wannan ita ce masana lissafi ke kira shimfiɗa mafi ƙarancin faɗi. Alamarta ita ce, duk inda ta lanƙwashe takan yi kama da sirdin doki: gaba da baya sun ɗaga, gefe da gefe sun sauka, kuma ɗagawar daidai take da saukar.

Joseph Plateau, masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yana, duk da cewa ya makance, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1873. Ya gano cewa a cikin kumfa, yana uku-uku ne ke haɗuwa, kullum a kusurwar digiri 120. Sai a 1976 Jean Taylor, 'yar Amurka, ta tabbatar da hakan da hujjar lissafi. Tun a 1865 kuma Hermann Schwarz na Jamus ya fito da irin waɗannan shimfiɗu masu maimaita kansu ta kowace fuska ba iyaka. A 1970 Alan Schoen, wanda ke aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya bayyana wata sabuwa da ya sa wa suna jairoid. Ita wannan takan raba sarari gida biyu, hanyoyi biyu masu sarƙe da juna amma ba sa taɓa haɗuwa.

A lokacin, da wuya a sami wanda zai ce ga amfanin abin. Daga baya aka tarar da jairoid a fiffiken wani malam-buɗe-littafi, wanda korensa ke fitowa daga yadda wannan siffa ke mayar da haske. An kuma gano cewa kitsen da ke gina fatar ƙwayoyin halitta, idan ya gauraya da ruwa, yakan jera kansa a kan waɗannan siffofi. Daga 1996 masana suka fara amfani da wannan cakuɗi wajen daskarar da sunadaran fatar ƙwayar halitta domin a ga surarsu, kuma su ne sunadaran da magunguna da yawa ke aiki a kansu. A yau injiniyoyi na ƙera jairoid da na'ura, suna gwada shi a matsayin ƙashin dashe da na'urar sanyaya inji, saboda ƙarfinsa da rashin nauyinsa.

Magina ma ba a bar su a baya ba. Frei Otto ya riƙa gwaji da yanar sabulu wajen tsara rufi, kuma yana cikin waɗanda suka tsara rufin filin wasannin Olamfik na Munich na 1972. Mahmoud Bodo Rasch, wanda ya yi aiki tare da shi, shi ne kamfaninsa ya tsara manyan lemomin da alhazai ke fakewa a ƙarƙashinsu a harabar masallacin Madina.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin shuka da girbi: fiye da shekara ɗari daga Schwarz zuwa ɗakin binciken magani. Da a ce an tilasta wa Plateau ya faɗi ribar wasa da sabulu kafin a bar shi ya yi bincike, da ba shi da amsa. Hukumomin da ke raba kuɗin bincike a jami'o'inmu, da iyayen da ke hana 'ya'yansu karanta lissafi don "ba ya kawo abinci", ya kamata su yi tunani a kan wannan. Ƙasar da ta ƙi ɗaukar nauyin tambayar da ba a san amfaninta ba a yau, za ta sayi amsarta da tsada gobe.