Jikin Ɗan Adam a Koyarwar Katolika: Yadda Take Aiki a Maradi

A birnin Maradi akwai babbar majami'ar Katolika mai suna Notre-Dame de Lourdes. Ita ce mazaunin bishop tun ranar 13 ga Maris 2001, lokacin da aka cire gabashin Nijar daga ƙarƙashin Yamai aka ba shi shugabancin kansa, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, bishop na farko. Ƙasar da aka damƙa masa ta haɗa jihohin Maradi, Tawa, Damagaram, Diffa da Agadas, kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Mabiya kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar Musulmi ne, kuma a ɗan abin da ya rage Katolika wani ɓangare ne kawai, da yawansu asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina, aiki ko fatauci ya kawo iyayensu. Kiristocin Hausa na wannan yanki galibi ba Katolika ba ne. Sun fito ne daga mishan ɗin Furotesta na SIM, wanda ya zauna a Tsibiri tun shekarun 1920.

Wannan ƙarancin shi ya sa Maradi ta zama wuri mai kyau na fahimtar koyarwar. A Italiya ko Poland cocin na da ƙarfin da zai juya dokar ƙasa. A Maradi ba ya da ƙuri'a, ba ya da wakilai a majalisa. Abin da ya yarda da shi game da jikin mutum sai dai a gan shi a aikace, a ɗakin awon yara da ajin 'yan mata da zauren mai gari.

Tushen koyarwar gajere ne. Mutum ruhi ne da jiki a haɗe, kuma jikin ba wani abu ne da mutum ya mallaka ya ajiye a gefe ba: shi ne mutumin. Wanda ya wulakanta jikin wani ya wulakanta shi gaba ɗaya. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Fadar Vatican daga 1962 zuwa 1965 ya jaddada haka, ya ce bai halatta mutum ya raina rayuwarsa ta jiki ba, tunda Allah ne ya halicce shi kuma zai tashe shi ranar ƙarshe. Musulmi ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba. Inda hanya ta rabu shi ne imanin Kirista cewa Allah ya ɗauki jikin mutum a cikin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke girmamawa a matsayin Annabi Isa, amma ba su yarda da allantakarsa ba. A wurin Katolika, wannan imani ne ya ɗaukaka jiki, har ya sa ibadarsu ta cika da abubuwan taɓawa: ruwan baftisma, gurasa, man da ake shafa wa marar lafiya a goshi da tafin hannu. Fafaroma John Paul na Biyu ya shafe shekarun 1979 zuwa 1984 yana bayanin wannan a jawabansa na ranar Laraba, guda 129. Jigon maganarsa shi ne an yi jikin namiji da na mace domin su ba da kansu ga juna da yardar rai, kuma duk wanda aka mayar abin biyan buƙata an ci mutuncinsa, ko da a cikin aure ne.

Daga nan hukunce-hukuncen suka fito. Rai na farawa ne daga shigar ciki, saboda haka cocin ya haramta zubar da ciki a kowane mataki. Ya haramta kashe marar lafiya da sunan tausayi. Wasiƙar Fafaroma John Paul na Biyu mai suna Evangelium Vitae, ta 25 ga Maris 1995, ta tattara waɗannan wuri guda, sannan a 2018 Fafaroma Francis ya gyara littafin koyarwar cocin ya ce hukuncin kisa ma ba abin karɓa ba ne. Waɗannan su ne ake ta jayayya a kansu a Turai da Amurka.

A ƙauyukan Gobir da Katsinar Maradi, abin da ke ɗauke rai ba shi ne ake jayayya a kansa can ba. Tamowa ce, da zazzaɓin cizon sauro lokacin damina, da naƙudar da ta yi tsawo. A 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona, Maradi ta zama cibiyar da duniya ta zuba wa ido, ƙungiyar likitoci ta MSF tana karɓar dubban yara. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jihar ita ce rumbun gero da gyaɗa na ƙasar, kasuwa cike da hatsi, talaka ne ya rasa kuɗin saye. Har gobe ana awon yara da wani ɗan zare na roba mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kore lafiya, ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, yaro na bakin halaka. Sai a ba uwa 'yan leda na Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari, ta riƙa matsa wa yaro a baki. Ina ganin duk cocin da ke wa'azin darajar ɗan tayi wajibi ne a same shi a gaban wannan zaren awo, in ba haka ba wa'azin nasa rabi ne.

Wata da ta fahimci haka ita ce Sista Marie Catherine Kingbo. Ta taɓa shugabantar wata ƙungiyar sistoci a Senegal, ta yi karatu a Faransa, sannan a 2006 ta taho Maradi ta kafa Fraternité des Servantes du Christ, wato 'yan'uwantakar bayin Almasihu mata. Sun buɗe makaranta a Tsibiri da cibiyar kula da masu tamowa a Ɗan Bako. Waɗanda suke yi wa hidima kusan duk Musulmi ne, kuma koyarwar cocin ba ta yarda a mayar da taimako tarkon jawo mutum cikin addini ba. Fafaroma Benedict na 16 ya faɗi haka ƙarara a wasiƙarsa ta farko, ta ƙarshen 2005. Abin da ya fi fito da sunanta shi ne tarukan da ta riƙa kira na limamai da masu gari da mata da samari, a zauna a tattauna batun auren wuri. Ta rasu a 2021.

Batun aure ne wurin da koyarwar ta fi cizo a Maradi. A dokar cocin, wadda aka sabunta a 1983, yardar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure. Uba ba ya iya bayar da ita a madadin 'yarsa, fada ma shaida ne kawai. Auren da aka ɗaura da tilas ko da tsoratarwa mai tsanani ɓatacce ne tun daga tushe. A Nijar kuwa, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su kai 18, adadi mafi girma a duniya, kuma jihar Maradi na kan gaba a cikin ƙasar. Iyaye ba mugunta ke sa su ba. Tsoron abin kunya ne, da talauci, da rashin makarantar da za ta riƙe yarinya bayan aji shida. Amma jiki ba ya jin uzuri. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta kwana biyu ko uku a gida, kan jariri na danne mafitsara da ƙashi har naman ya mutu ya huje. Jaririn sau da yawa ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari, miji ya guje ta, a ware mata kwano da tabarma. A Danja, kudu da Maradi ta wajen Jiratawa, inda SIM ta daɗe da asibitin kutare, an buɗe cibiyar ɗinkin yoyon fitsari a 2012. Wannan aikin 'yan Furotesta ne da abokan hulɗarsu, amma rauni ɗaya suke ɗinkewa da wanda sistocin Tsibiri ke ƙoƙarin hanawa tun kafin ya faru.

Sai dai dokar cocin kanta na da abin dubawa. Mafi ƙarancin shekarun aure da ta gindaya shi ne 16 ga namiji, 14 ga mace, ko da yake ta ba bishop-bishop na kowace ƙasa damar ɗaga shi. Shekara 14 ta yi kaɗan ƙwarai, ta ma gaza 15 ɗin da dokar farar hula ta Nijar ta sa wa mace. Aikin sistoci a ƙauye ya wuce harafin dokarsu, kuma a ganina dokar ce ya kamata ta biyo su.

Mafi wuyar sha'ani shi ne tazarar haihuwa. A ranar 25 ga Yuli 1968 Fafaroma Paul na Shida ya fitar da wasiƙar Humanae Vitae, ya haramta ƙwayoyi da sauran dabarun hana ɗaukar ciki, duk da cewa mafi yawan kwamitin da ya yi nazarin batun sun ba da shawarar a sassauta. Hujjarsa ita ce saduwar ma'aurata na ɗauke da abu biyu da bai kamata a raba su ba, ƙauna da yiwuwar haihuwa. Cocin bai ce a yi ta haihuwa ba lissafi ba. Ya yarda ma'aurata su ba da tazara saboda lafiya ko halin rayuwa, ta hanyar ƙaurace wa juna a kwanakin da ciki ke iya shiga. Akwai ma wata sarƙar duwatsu 32 da aka ƙirƙiro a Jami'ar Georgetown ta Amurka, wadda ta Katolika ce. Ranar da al'ada ta zo, mace za ta sa zoben roba a kan jan dutse, kullum ta matsa shi gaba ɗaya. In ya hau fararen duwatsu, daga rana ta 8 zuwa ta 19, kwanakin haƙuri ne. Tana aiki ne ga matar da al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 da 32.

Tunanin tazara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shayarwa ta shekara biyu, da komawar mai jego gidan iyayenta, da yadda ake ƙyamar kwanika, duk dabarun hutar da uwa ne. Malaman Musulunci da dama kuma sun halatta magungunan tazara in ma'aurata sun yarda, don haka a nan Katolika sun fi maƙwabtansu tsauri. Binciken lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici. Idan aka ɗora sarƙar duwatsun a kan wannan adadi, rauninta a fili yake: kwana 12 na haƙuri kowane wata ba ya yiwuwa sai miji ya yarda, ya kuma ɗauki maganar matarsa da nauyi. Yarinya 'yar 14 da aka kai gidan sa'an babanta ba ta da bakin cewa yau zobe na kan farin dutse. Koyarwar haihuwa ta Katolika ta jingina ne kacokan a kan koyarwar aure. Inda aure bai tsaya a kan yarda da mutunta juna ba, nauyinta duka a kan mace yake sauka, kuma wannan abu ne da ya cancanci cocin ya riƙa faɗa da babbar murya.

Sauran tambaya ita ce yadda mai irin wannan imani zai zauna cikin jama'ar da ba ta bin addininsa. Takardu biyu da babban taron Vatican ya fitar a 1965 suka shimfiɗa hanya. Nostra Aetate, ta 28 ga Oktoba, ta bayyana girmamawar cocin ga Musulmi, ta ambaci sallarsu da azuminsu da sadakarsu, ta nemi a bar tsohuwar gaba. Dignitatis Humanae, ta 7 ga Disamba, ta ce kada hukuma ko wani ya tilasta wa mutum a sha'anin addini. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shi ma ya raba addini da gwamnati. A ƙasa dai zaman bai rasa tangarɗa ba, kuma wani karo da ta yi ƙamari a Maradi a kan jikin mace ne. A Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe, aka ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka kai wa wuraren Kirista hari. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, fushin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya sa aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, ko da yake an samu maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. A Yuni 2019 kuma aka ƙona cocin Assemblies of God na unguwar Zariya a Maradi, bayan kama wani liman da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada. Da aka sake shi ya yi kira a kwantar da hankali, majalisa ta amince da dokar ranar 17 ga watan.

Akwai kuma lokutan da bakinsu ke zuwa ɗaya da na malamai. A taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994, Vatican da wasu ƙasashen Musulmi sun tsaya tare suka ƙi a mayar da zubar da ciki haƙƙi na duniya. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ta fi rikitarwa. Sashe na 14 ya buɗe ƙofar zubar da ciki a wasu yanayi, kuma shugabannin Katolika sun soke shi. Sashe na 6 kuwa ya sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ya kuma shardanta yardar ɓangarorin biyu, abin da sistocin Tsibiri ke roƙon iyaye a kansa. Majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da yarjejeniyar a 2006, sashen aure ya tafi tare da sashen ciki. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke makaranta, amma ba ta taɓa shekarun aure ba, kuma galibin aure a karkara bisa al'ada ake ɗaura shi, inda ba a tambayar takardar haihuwa. Shi ya sa har yanzu hukuncin ko yarinyar Tsibiri za ta gama makaranta yana hannun mahaifinta da limamin unguwa da mai gari, mutanen da Sista Kingbo ta fara gayyata zama tun farkon aikinta.