ALLON HAWAN IGIYAR RUWA DA JIRGIN DUFUNA

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan uwa mazauna Ikko da suka taɓa shiga jirgi zuwa Tarkwa Bay sun ga samari tsaye bisa wani dogon allo, igiyar ruwa tana ɗauko su har bakin gaɓa. Mai kallo zai ce wasan yara ne, amma a Amurka akan yi gwanjon tsofaffin allunan nan, kuma ɗaya ya kan tashi dubban daloli.

Mutanen tsibirin Hawai su ne suka yi suna da wannan wasa. Su kan sare bishiya, su sassaƙe ta da gizagon dutse, su goge, kana su shafe ta da mai. Allon sarakuna, wanda suke kira olo, ya kan haura ƙafa 15, kuma talaka ba ya hawansa. Wasu suna nan ajiye a gidan tarihi na Bishop a birnin Honolulu. Su ne wani Ba'amurke mai suna Tom Blake ya yi nazari, daga bisani ya ƙera allo mai rami a ciki don ya rage nauyi, har hukuma ta ba shi takardar mallakar fasahar a 1932. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 soson roba ya kori katako. Abin da masu gwanjo suke biya wa kuɗi kuwa shi ne sunan masassaƙi da shekarar aikin, gama an rubuta su, an adana.

To, kada mai karatu ya ɗauka abin baƙo ne gare mu. A 1834 wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a bakin tekun Ankara ta ƙasar Gana suna hawan igiyar ruwa da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu. Wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu kuma ya ga masunta rub da ciki bisa gora a Matan Fada.

Idan kuwa tsufan sassaƙa ake magana, Arewa ce ke gaba. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a inda yau take Jihar Yobe, sai ya ci karo da itace. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin, sai ga jirgin ruwa na maɗaci, tsawonsa mita 8 da 'yan kai, kwance wajen mita 5 a ƙarƙashin ƙasa. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi a duk Afirka, a duniya ma 'yan ƙalilan ne. Gabansa da bayansa masu tsini ne, an fiƙe su da kyau, watau ba hannun ɗan koyo ba ne. Tun kafin shi akwai gwanaye. An kai shi Damaturu aka ajiye.

A ganina, abin takaici shi ne halin jiragen da suka biyo baya. A Yawuri ko Lakwaja, jirgin da Sarkawa ko Nufawa suka sassaƙa daga gungume ɗaya idan ya tsufa sai a bar shi ya ruɓe a bakin kogi, ko a faskare shi a hura wuta, ba wanda ya rubuta sunan mai gizagon.

Saura jan kunne ga 'yan uwanmu masu sayar wa baƙi kayan gargajiya a Kurmi. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda hedkwatarta take nan Abuja, an kafa ta da Doka mai lamba 77 ta 1979. Dokar ta lissafa aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsa sai ta hannun wakilin hukumar, ta kuma hana fita da shi waje sai da takardar izini.