Ko Ka San Ɓeraye Biyu Masu Jan Ido Na Iya Haifar Masu Baƙin Ido?

A samo ɓera zabiya, fari fat mai jan ido, a haɗa shi da mace mai koɗaɗɗen gashi, ita ma jan ido gare ta. Kowannensu haka zuriyarsa take tun kaka da kakanni. Sai ga 'ya'ya sun fito da ido baƙi wuluk, gashi da cikakken launi, babu ko ɗaya da ya biyo uwa ko uba. Wannan abu yana ƙayatar da ni matuƙa!

Dalili shi ne, ba ƙwayar gado ɗaya ke yin launi ba. Namijin, ƙwayar da ake kira Tyr ce ta lalace masa, wadda ke samar da sinadarin da ke fara haɗa melanin, wato abin da ke ba jiki launi. Ita kuwa macen Tyr ɗinta lafiya lau, matsalarta tana wata ƙwayar dabam, Oca2. Ɗa yana gadon kowace ƙwaya kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma a nan guda mai lafiya ta wadatar. Kamar marina biyu ne, wannan yana da baba ba shi da toka, wancan yana da toka ba shi da baba: in sun haɗa kaya, zane ya rinu. In kuwa dukansu baba suka rasa, haɗuwar ba ta tsinana komai.

Da wannan masana suke gwaji. In sabon ɓera mai baƙon launi ya ɓulla a ɗakin bincike, sai a haɗa shi da wanda aka san aibinsa. 'Ya'ya suka fito da launi, aibin a wurare biyu yake. Suka fito koɗaɗɗu, ƙwaya ɗaya ce ta lalace musu duka. Babu na'ura, keji ne da haƙurin kwana 20 na ciki. Sai dai gwajin ba ya aiki ga aibin da kashi ɗaya ke isa ya bayyana shi.

Waɗannan ƙwayoyi biyu ma maƙwabta ne a kan kromosom na 7. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, J.B.S. Haldane da ƙanwarsa Naomi da A.D. Sprunt suka nuna cewa ƙwayoyin sukan tafi tare wajen gado, karo na farko da aka ga haka a dabba mai shayarwa.

Har ga mutane irin haihuwar ɓerayen can ta faru. A 1952 likitan ido Trevor-Roper na Ingila ya ba da labarin miji da mata, dukansu zabiya, da 'ya'yansu suka fito da launin fata irin na kowa. OCA2 ɗin nan kuma ita ce ke jawo yawancin zabiyancin da muke gani a Afirka. Don haka in ka ji zabiya biyu sun haifi baƙin ɗa, kada ka saurari masu tsegumi, gado yana iya yin haka.