MAKARANTAR DA BA A FITA: WANI MAJIGI NA ƘASAR SIFEN

Jama'a masu karatu, musamman malaman da ke riƙe da makarantun kwana, ga labarin wani majigi na ƙasar Sifen wanda har yau masu sha'awar wasannin ban tsoro ba su daina nemansa ba. Sunansa La residencia, watau gidan kwanan ɗalibai. Narciso Ibáñez Serrador ne ya shirya shi a 1969.

A lokacin nan Janar Franco ke mulkin Sifen, tun daga 1939 har ya mutu a 1975, kuma ba a nuna majigi sai hukumar tacewa ta duba ta yarda. Hukumar ba ta son a nuna ana ta'asa a ƙasarta, saboda haka masu shirya irin waɗannan wasanni suka riƙa kai labarinsu ƙasashen waje. Shi ma wannan a Faransa aka ajiye shi, cikin ƙarni na 19.

Makarantar 'yan mata ce a bayan gari, ƙofofi a garƙame. Shugabar, Madam Fourneau, mace ce mai tsanani ƙwarai: ga bulala, ga ɗakin horo, ga manyan ɗalibai da ta ba ikon danne na ƙasa. Tana da ɗa guda, Luis, ta tsare shi, kullum tana gaya masa 'yan matan nan ba sa'o'insa ba ne, ya jira mace irinta. Ana nan sai ɗalibai suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe yaron ne ke kashe su, yana tara gaɓoɓinsu a ɗakin sama, wai zai haɗa macen da uwarsa ta kwatanta masa.

Jinin da aka nuna kaɗan ne. Abin da ya tsaya mini a rai, ni da aikina duba makarantu ne, shi ne yadda yara ke raguwa, shugabar kuwa ta gamsu cewa gudu suka yi, sai ta ƙara tsaron ƙofofi, alhali mai kisan yana ciki. Masana da dama sun ce makarantar nan Sifen ce kanta.

A 1972 Eloy de la Iglesia ya yi ƙarfin hali ya ajiye nasa mai kisan a Madrid, wani ma'aikacin mahauta, cikin La semana del asesino. Masu tacewa suka yanke masa wurare da yawa. Sai a 1977 aka soke tacewar.