Sakaci a wurin aiki: Har yaushe za mu ci gaba da kiran sa tsautsayi?

Akwai kalmar da ba ta rabuwa da bakinmu duk lokacin da aka ɗauko wani ranga-ranga daga wurin neman abinci, ita ce "tsautsayi." Lebura ya faɗo daga bene, a ce tsautsayi. Injin niƙa ya cinye wa yaro yatsu, a ce tsautsayi. Tankin mota ya fashe a hannun mai walda, a ce tsautsayi. Da zarar an furta ta, magana ta ƙare. A yi jaje ko ta'aziyya, a ce ai ba ya wuce ranarsa, washegari a koma bakin aiki, a ɗaure tsanin nan da ya karye da igiya, a ce wa wani yaron ya hau.

Babu Musulmin da zai ja da ƙaddara. Sai dai malamanmu sun sha bayyana mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma wanda ya jawo asarar rai ko gaɓa ta hanyar sakaci akwai haƙƙi a kansa. Abin da nake so mu duba a yau, mai karatu, shi ne yawancin abin da muke kira tsautsayi a wuraren ayyukanmu yana da ubangida. Akwai wanda ya ga haɗarin tun kafin ya auku ya kau da kai, domin gyaran zai ci kuɗi ko zai ci lokaci.

A ƙarshen shekarar 2023, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa duk shekara a duniya sakamakon aikin da suke yi. Abin lura shi ne, kimanin 330,000 ne kawai daga cikinsu ke mutuwa ta hanyar haɗarin nan-take. Sauran, wajen miliyan 2.6, cututtukan da aikin ya haifar ne ke kashe su sannu a hankali: ƙura, hayaƙi, sinadarai da gajiyar da ta wuce ƙima. Ma'ana, mafi yawan waɗanda aiki ke kashewa a kan gadonsu suke cikawa, bayan doguwar jinya, ba tare da kowa ya danganta ciwon da sana'arsu ba.

Mu a Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin wannan. A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa birjik a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Da aka bincika sai aka gano gubar dalma ce. Masu haƙar zinare suna ɗauko duwatsun ma'adinai su kawo cikin gari, har cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai, ta bi hannunsu zuwa bakinsu. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, alhali an san tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ba ta komawa daidai. Waɗannan yaran ba su taɓa shiga rami ba. Wurin aikin iyayensu ne ya biyo su har ɗaki.

Za a iya cewa mutanen waɗannan ƙauyuka ba su sani ba, kuma gaskiya ne. To amma shekara biyar bayan haka, a 2015, sai ga irin wannan musiba a Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. A wannan karon duniya ta riga ta sani, hukumomi sun sani. Abin da ya rage kawai shi ne a kai sanin nan bakin ramin da ake haƙa, shi ne ba a yi ba. Wannan wane suna za mu ba shi?

Idan muka bar ramin zinare muka shiga masana'anta, labarin bai sauya ba. A watan Satumban 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba da ke Odogunyan a Ikorodu, Jihar Legas. Gomman ma'aikata suka ƙone ƙurmus, kuma rahotanni sun nuna an kulle musu ƙofa ta waje, ba su sami hanyar fita ba. Shekara 18 bayan nan, a watan Yunin 2020, 'yan sanda a Kano suka buɗe wani kamfanin sarrafa shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100 da aka tsare a ciki wata da watanni a lokacin kullen korona. Allah Ya tsare wuta ba ta tashi a can ba. Amma kwaɗon da aka sa a ƙofar Ikorodu shi ne dai aka sa a ƙofar Challawa, kuma tunanin da ya sa shi ɗaya ne: kaya da riba sun fi wanda ke samar da su daraja.

Sai dai zan yi wa gaskiya rowa idan na ɗora laifin duka a kan masu kamfanoni. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ne. Wato yawancinmu a gareji muke, da rumfar walda, da shagon kafinta, da gona, da wurin gini. A can babu manaja, babu takardar ɗaukar aiki. Akwai maigida da yaransa, kuma a nan ne sakaci ya zama gado.

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga abin da nake nufi. Ga mai walda da baƙin tabarau na kwalliya, wani ma runtse ido kawai yake yi ya juyar da kai. Hasken walda yana ɗauke da wani nau'in haske mai ƙona saman ƙwayar ido, shi ya sa da dare ido ke yin jawur kamar an watsa yashi, kuma tabarau na kasuwa ba ya tare shi yadda gilashin walda ke yi. Na taɓa tambayar wani saurayi mai wannan sana'a me ya hana shi sa garkuwar fuska, alhali ga ta rataye a ƙusa. Ya yi dariya ya ce da ni, "Malam, maigidana shekara talatin yana yi a haka." Da na waiwaya na dubi maigidan, sai na ga sai ya kai awo dab da hancinsa kafin ya iya karanta lamba. Yaron yana ganin shekara talatin, ba ya ganin abin da suka ci.

Haka abin yake a ko'ina. Makanike zai shige ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, babu wani abin tokare, ko ya zuƙo fetur da baki ta tiyo. Mai walda zai ɗora wuta a kan tankin da aka ce "babu komai a ciki," alhali tankin da aka zazzage ya fi cikakke saurin fashewa, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ne ke kamawa. Mai injin niƙa zai tsaya da riga mai faɗin hannu kusa da bel ɗin da ba shi da murfi, cikin ƙarar da sai an yi ihu ake jin juna, alhali masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta kullum. Mai fasa dutse zai wuni yana shaƙar ƙurar da ke taruwa a huhu ta sandarar da shi. Manomi zai yi feshin maganin ƙwari ba takunkumi ba safar hannu, ya gama ya ɗauki jarkar ya mayar da ita ta ruwan sha. Mai shago zai shigar da janareta ciki ya rufe ƙofa don tsoron ɓarawo, ya manta hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari ko launi. Sau nawa kuma muka ji an shiga yasar rijiya ko masai, na farko ya sume don ƙarancin iska, na biyu ya bi shi ceto ya sume, na uku ma haka, a fito da gawa uku a gida ɗaya?

Me ke jawo wannan? Na farko akwai gaggawa. Wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi a rana yana ganin minti biyar na ɗaura igiyar kariya asara ce. Na biyu akwai sabo. Wanda ya yi abu sau dubu bai ji ciwo ba yakan ɗauka ƙwarewarsa ce ta tsare shi, alhali sa'a ce kawai yake ci. Na uku, wanda a ganina ya fi muni, shi ne mun mayar da ganganci jarumtaka. Yaron da ya nemi hular kwano a wurin gini sai a yi masa dariya, a ce ragon maza, ko a ce yana tsoron mutuwa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ɗan koyo ya ga maigida na yi a shekararsa ta farko, shi zai koya wa nasa yaran bayan shekara ashirin.

Dokoki kuwa muna da su. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, da samar da hanyar fita idan gobara ta tashi, da kai rahoton haɗari ga hukuma, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke da alhakin tura masu duba wuraren aiki. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ba tare da ya cire ko kwabo daga albashinsu ba. Daga wannan asusu ake biyan wanda ya ji rauni ko ya naƙasa, ko iyalan wanda ya rasu, har da wanda haɗarin ya rutsa da shi a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Dokar ta ce ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana bakwai, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Najeriya ta kuma rattaba hannu a kan yarjejeniyoyin duniya na kare lafiyar ma'aikata. Amma ka tambayi leburori goma a Sharaɗa ko Bompai ko sun taɓa jin labarin wannan diyya, ka ji amsar da za su ba ka. Abin da aka saba shi ne maigida ya biya kuɗin asibiti na kwana biyu, ya ba da ɗan abin sayen sabulu, a ce "a yi haƙuri." Haƙurin nan kuwa shi ne ke sa ran talaka ya yi araha, kuma muddin yana da araha babu wanda zai kashe kuɗi wajen kare shi.

Ina mafita? Gwamnati ta ƙara yawan masu duba wuraren aiki, ta ba su abin hawa da albashin da zai hana su karɓar na goro, sannan a riƙa bayyana sakamakon binciken kowane babban haɗari a fili, a ga an hukunta wani. A fassara dokar diyya zuwa Hausa, a riƙa karanta ta a gidajen rediyo yadda ake yi wa allurar rigakafi.

Amma sifeton gwamnati ba zai taɓa isa kowace rumfa ba. Waɗanda za su isa su ne shugabannin sana'a. Kusan babu sana'ar da ba ta da ƙungiya da sarki ko shugaba: makanikai, maƙera, magina, masu walda, masu niƙa. Suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rigima, suna cin tarar wanda ya karya farashi. Wanda ya iya cin tarar mutum don ya karya farashi, zai iya cin tararsa don ya sa yaro walda ba garkuwa. Su sa ƙa'ida cewa ba za a yaye ɗan koyo ba sai ya san haɗarin sana'arsa da yadda ake kauce masa, kuma kayan sallamar da ake ba shi su haɗa da kayan kariya. Limamanmu su ma suna da rawar takawa. Huɗuba ɗaya a kan haƙƙin ɗan ƙwadago da hukuncin sakaci da rayuka za ta shiga kunnen da takardar gwamnati ba za ta taɓa shiga ba.

Mu ma masu ba da aiki ba mu fita ba. Kai da kake gina gida, ka dubi katakan da magina ke hawa kafin ka dubi kalar fenti. Ke da kika kira masu yasar rijiya, ki tabbata akwai igiya a ƙugun wanda ya shiga da mutane a sama masu jan sa. Iyayen da ke kai yaro koyon sana'a su riƙa leƙawa su ga a wane hali yake aiki, domin amana suka bayar. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kowace ranar 28 ga Afrilu duniya na tunawa da lafiya da kariyar ma'aikata. A nan gida akan taru a ɗakin taro a Abuja, a yi jawabai, a watse. Da ma a ce ranar ta zama wadda kowane maigida zai zagaya wurin aikinsa da yaransa, su nuna wa juna waya mai tsirara, da injin da ba murfi, da ƙofar da ke kulle, su gyara kafin rana ta faɗi. Mutum ya bar gida da asuba ne don ya dawo wa iyalinsa da abinci, kuma haƙƙinsa ne ya dawo da ƙafafunsa, da idonsa, da yatsunsa goma. Idan muka yi iyakar abin da ke kanmu sannan wani abu ya faru, a lokacin ne za mu ce tsautsayi, bakinmu kuma ya yi daidai da zuciyarmu. Allah Ya tsare mu, Ya tsare masu neman halal a duk inda suke.